Kurakuran da ake yi wajen mayar da bizar ritaya cikin sabon fasfo

Dattijon da ya ajiye aiki ya koma zama a Tailan, da bizar da suke bai wa wanda ya kai shekara 50, yakan ɗauka da sabon fasfo ya shigo hannu shi ke nan. Da sauran aiki. Izinin zamansa hatimi ne a cikin tsohon, kuma nan zai ci gaba da zama har sai ya je ofishin shige da fice na garin da yake sun mayar masa.

Shi ya sa wulaƙanta tsohon fasfo ya fi komai jawo wahala. Alhaji ya zo Katsina Sallah, ya sabunta a nan gida, ya jefa tsohon a durowa tunda an soke shi, ya nufi Kano ya hau jirgi. A Bankok, babban birnin Tailan, su buɗe sabon su gan shi fes, ko hatimi ɗaya babu. A ɗaure su biyun da roba, a miƙa su tare. Tun kafin ya baro Tailan ma sai ya karɓi izinin sake shiga, don wanda ya fita ba shi, izinin zamansa ya mutu.

Sai jinkiri. Ba sa ƙara wa mutum zaman da ya wuce ranar ƙarewar fasfonsa, saboda haka in saura wata biyar, wata biyar zai samu maimakon shekara. A fara sabunta fasfo, kuma mai hali ya ɗauki na shekara 10 ya huta.

Maganar suna kuwa tamu ce. Tsohon fasfo ya ce Muhammadu Sani Daura, NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya, ta ce Mohammed Sani, sabon kuma NIN zai bi. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne, jami'in can bai sani ba. A daidaita tun a nan. In an riga an buga, a nemi wasiƙar ofishin jakadancin Najeriya da ke Bankok mai tabbatar da cewa fasfon biyu na mutum guda ne.

Banki ma ana mantawa da shi. Asusun da aka ajiye baht 800,000, kuɗin Tailan, na sharaɗin bizar, da lambar tsohon fasfo aka buɗe shi. A kai musu sabon su gyara tun kafin ranar neman takardar shaidar kuɗi ta zo.