Yadda Ɗan Kasuwa Zai Karanta Motsin Dala Kafin Ya Yi Canji

Ɗan kasuwar da ke shigo da yadi ko kayan waya daga Sin ko Dubai yana iya rasa ribarsa a wurin canji tun kafin kayan su iso Kantin Kwari. Farashin da ɗan canji zai faɗa masa a Wapa ta Kano ko a Zone 4 ta Abuja abu biyu ne suka haɗu a cikinsa: dalilan tattalin arziki, waɗanda kan ɗauki watanni kafin su nuna, da halin masu saye da sayarwa, wanda kan juya tsakanin hantsi da la'asar. Aikin farko shi ne a gane wanne daga cikinsu yake jan farashin a ranar da ake son yin canji.

A fara da duba ƙofar da dala take shigowa. Mafi yawan kuɗin waje da Najeriya ke samu daga kayan da take fitarwa, ɗanyen mai da iskar gas ne ke kawo shi. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100, amma a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Babban Bankin Najeriya ya yi ta riƙe farashin hukuma a wajen naira 197, har ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun dala ta banki, sai dai a Yunin 2016 ya sassauta, farashin ya koma wajen naira 280, kuma a farkon 2017 kasuwar bayan fage ta haura naira 500. Don haka idan aka ga mai yana sauka wata da watanni, asusun ajiyar kuɗin waje yana raguwa, tazarar da ke tsakanin farashin banki da na 'yan canji kuma tana ƙara faɗi, to a sa ran za a rage darajar naira ko da hukuma tana cewa babu komai.

Daga nan sai a bi labarin kuɗin ruwa, na gida da na Amurka, domin manyan masu zuba jari inda za su fi samun riba suke kai kuɗinsu. Tsakanin Maris na 2022 da Yulin 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari, dala ta yi ƙarfi a kusan ko'ina. Mutum ba sai yana mu'amala da ruwa ba kafin wannan lissafi ya shafe shi. A haɗa wannan da alƙaluman hauhawar farashi da hukumar ƙididdiga ke fitarwa kowane wata: a Disambar 2024 ya kai kashi 34.8, kuma kuɗin da ke zubewa haka a gida da wuya ya tsaya cik a gaban dala.

Ɓangaren halin mutane shi ne ya fi cin 'yan kasuwa, kuma shekarar 2024 ta ishe mu misali. Bayan da aka haɗe farashin canji daban-daban na hukuma suka zama ɗaya a Yunin 2023, naira ta yi ta sauka, har a Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a bayan fage. A makonnin nan mai albashi, da mai shago, da wanda bai taɓa fita waje ba, kowa neman dala yake yi don ya adana, masu ita kuma suka ƙi fitarwa, suna jiran ta ƙara tsada. Sai Babban Banki ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75, ya soke lasisin kamfanonin canji fiye da 4,000, zuwa Afrilu dala ta sauko ƙasa da naira 1,200. Wanda ya saya a 1,800 don tsoro ya yi asarar kusan sulusin kuɗinsa cikin wata biyu. Amma a lura, kafin shekarar ta ƙare dala ta sake haura 1,500, domin dalilan asali suna nan ba su gushe ba.

Ana iya gane irin wannan firgici tun daga bakin shago. A tambayi ɗan canji farashi biyu, nawa yake saye, nawa yake sayarwa. Ranar da kasuwa take kwance, tazarar 'yan nairori ce. Ranar da ta rikice, za a ga ya duba waya sau biyu, ya buga wa abokin hulɗarsa na Legas, sannan ya faɗi farashi mai faɗin tazara, ya ƙara da cewa, "Alhaji, wannan na yanzu ne, ban san anjima ba." Irin wannan rana, in ba dole ba, ba ta sayen kuɗi mai yawa ba ce. A ganina saƙon WhatsApp da ke cewa dala za ta kai kaza kafin Juma'a ya fi zama alamar firgici a kan ya zama labari.

Wanda ya san zai biya dilansa nan da wata biyu, gara ya raba sayen kashi uku ko huɗu maimakon ya jira ranar da ta fi araha, tunda babu mai sanin ranar sai ta wuce. Ya kuma sa kalanda a lissafi: buƙata kan ƙaru gabanin aikin Hajji da lokacin biyan kuɗin makarantun waje, a Disamba kuma 'yan ƙasa mazauna ƙetare kan shigo da dala. Idan zai sa wa kaya farashi, ya lissafa da kuɗin da zai sake sayen dalar, kada ya tsaya kan yadda ya saya a baya. Takardar ma a duba ta, domin tsohuwar dala ɗari mai ƙaramin kai da ƙananan takardu na goma da ashirin ba sa samun farashin sabuwar ɗari.

Masu hulɗa da Maraɗi ko Birnin Ƙonni suna da ƙarin abin dubawa. Sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, saboda haka idan yuro ya yi ƙarfi a kan dala, sefa na iya yin tsada a Jibiya da Illela ko da farashin dala bai motsa a Wapa ba.