Koyar da nahiyar Asiya a ƙaramar sakandare: ka bi sawun ruwa

Asiya ta fi ƙarfin zango guda. Ƙasashenta sun kusa 50, faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 44, kuma cikin kowane mutum goma na duniya, kusan shida can suke zaune. Malamin da ya ce sai ya bi su ƙasa bayan ƙasa, da babban birni da kuɗi da abinci da sutura, zai ƙare da yara masu haddar sunaye waɗanda ba su san dalilin da ya sa manomin Bangladesh ke shuka a kan ruwa ba. Shawarata ga ɗan'uwana malami ko 'yar'uwata malama da aka ɗora wa labarin ƙasa ko darasin zamantakewa ita ce a riƙe tambaya ɗaya tun daga makon farko har jarrabawa: mutanen nan daga ina ruwansu yake zuwa, kuma yaya suke yi idan ya yi yawa ko ya yi kaɗan? Al'adunsu da matsalolin muhallinsu duk suna cikin amsar, ba sai an raba su babi biyu ba.

Ka fara da abin da yaran suka riga suka sani. Tambaye su wa ke da kaka ko kawun da ya sauke farali, sannan ka gaya musu Makka da Madina a Asiya suke. Za ka ga mamaki a fuskokinsu, domin a ransu Asiya ita ce Sin da Indiya kawai. A-daidaita-sahun da ya kawo su makaranta, in Bajaj ne ko TVS, ƙirar Indiya ce. Wayar Tecno ta babansu ta kamfanin Sin ce. Ka sa kowa ya zo da kwali ko buhun da aka gama da shi a gida, a karanta ƙasar da aka yi kayan, a rubuta a allo. Darasi ɗaya ya isa wannan, kada ka ja shi.

Taswirar bango ba kowace makaranta ke da ita ba, in ma akwai, na bayan aji ba ya hangen komai. Ni filin makaranta nake fita da su, mu zana nahiyar da toka, babba yadda yaro zai iya tafiya a cikinta. Ka daidaita gabashin zanen da gabas ta gaskiya, wadda yawancinsu suka sani saboda alƙibla. Bahar Maliya a yamma, tsibiran Japan a gabas, Tekun Indiya a kudu. A tsakiya a tara duwatsu da ƙasa, su ne tsaunukan Himalaya da tudun Tibet, inda Everest yake da tsayin mita 8,849. Daga wannan tudu ka ja layukan manyan koguna da sanda, ka ba monita buta ya tsiyaya ruwa: Indus ya gangara Pakistan, Ganges da Brahmaputra su haɗu a Bangladesh, Mekong ya bi ta kudu maso gabas ya faɗa teku a Biyetnam, Yangtze mai kilomita 6,300 ya nufi Shanghai. Daga nan sai ka raba ajin. In su 50 ne, 30 su shiga cikin zanen, tara su tsaya a Indiya, tara a Sin, domin kowacce ta haura mutum biliyan 1.4, kuma a 2023 Indiya ta wuce Sin. Afirka duka yara tara ne a gefe, Najeriya ba ta wuce biyu ba a cikinsu. Ka tsayar da na Asiya inda jama'a suke da gaske, za su cunkushe a bakin layukan ruwan nan, Siberiya da hamadar Gobi da ta Larabawa su zauna wayam. Kada ka yi musu bayani. Ka tambaye su me suka gani, gani ya kori ji.

Mako na gaba damina ce, kuma nan ne ɗan ƙasar Hausa ya fi ɗan Turai saurin ganewa, domin tamu da tasu hanya ɗaya suke bi. Ka ajiye faranti biyu a rana tun da safe, ɗaya da yashi, ɗaya da ruwa. Kafin a tashi su taɓa, yashin ya yi zafi, ruwan da sauran sanyinsa. Haka ƙasa take riga teku ɗaukar zafi da bazara. Iskar da ke kan ƙasa ta yi sama, mai ɗauke da danshi ta taso daga teku ta maye gurbinta. A wurinmu daga Tekun Atlantika take zuwa, a wurinsu daga Tekun Indiya, tana isa jihar Kerala wajen farkon Yuni ta ci gaba har Satumba, kuma ita ke kawo wa Indiya kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan shekara. Da hunturu iskar ta juya, ta fito daga cikin ƙasa a bushe. Bambancin shi ne tasu tana cin karo da tsaunuka, dole ta sauke kayanta. A ƙauyen Mawsynram da ke arewa maso gabashin Indiya, ruwan sama na shekara yana kusan milimita 12,000. Lambar ba ta cewa yaro komai, don haka ka samo igiya ka auna mita 12 a ƙasa, kusa da ita ka ajiye sandar da ba ta kai mita ɗaya ba, ka ce wannan shi ne na Kano a yawancin shekaru.

Daga damina shinkafa ke fitowa, Asiya ce ke noma kusan kashi 90 cikin 100 na shinkafar duniya. Abin da nake so su kama shi ne shinkafar fadama ba ta nomuwa da mutum ɗaya, domin ruwan da ya fita daga gonarka ta maƙwabci zai shiga. A tsibirin Bali na Indonesiya manoma suna da ƙungiyoyin rabon ruwa da suke kira subak, masu daɗaɗɗen tarihi, inda ake taruwa a wurin ibada a tsayar da ranar shuka da yadda ruwa zai zagaya. Hukumar UNESCO ta sa tsarin cikin kayan tarihin duniya a 2012. Idan akwai yaron da iyayensa ke noman rani, a Kura ne ko Bakolori, ka tambaye shi wa ke yanke ranar da za a sako musu ruwa, kuma me ke faruwa da na ƙarshen kwata.

Bangladesh ce nake ba lokaci mafi yawa, kuma ina ganin ta cancanta. Faɗinta kusan daidai yake da jihar Neja da jihar Borno a haɗe, amma mutum kusan miliyan 170 ne a ciki, mafi yawansu Musulmi, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da manyan koguna suka tara da laka. Ruwa na zuwa musu daga sama, daga tsaunuka, daga teku kuma. A Nuwamban 1970 guguwar Bhola ta hallaka aƙalla mutum 300,000, lokacin ƙasar tana Gabashin Pakistan. A 1991 wata ta kashe kusan 138,000. A 2020 guguwar Amphan ta zo, aka kwashe mutum fiye da miliyan biyu kafin isowarta, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 50 ba. Ka rubuta shekarun uku da lambobinsu a allo, ka bar yara su yi ta hasashen abin da ya sauya. Sai sun gaji ka gaya musu: tun 1972 aka kafa shirin 'yan sa-kai masu yawo ƙauye-ƙauye da lasifika, aka gina mafaka masu bene a kan ginshiƙai, da yawansu makarantu ne a sauran ranaku, aka kuma inganta hasashen yanayi. A kudancin ƙasar manoma suna tara wata ciyawar ruwa, dangin kainuwa a ido, su yi tuli mai yawo a kan ruwa, su shuka kuɓewa da kabewa da alayyafo a kai, in ruwa ya ƙaru gonar ta tashi tare da shi. Wannan ɓangaren bai kamata a tsallake shi ba. Yaron da aka yi ta nuna wa hoton ambaliya kawai zai ɗauka mutanen can zaune suke suna jiran taimako. Kuma yaranmu sun san ambaliya, ta 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a Najeriya, a shekarar da ta Pakistan ta shafi mutum miliyan 33, ga kuma ta Maiduguri a Satumban 2024 bayan fashewar madatsar Alau. Ka lura da fuskokinsu kafin ka kawo wannan, mai yiwuwa a ajin akwai wanda gidansu ya rushe. Aikin gida a nan shi ne kowa ya zana unguwarsu, ya nuna inda ruwa ke taruwa da wurin da ya fi tudu da za a gudu.

Sai ka juya zuwa inda ruwa ya ƙare. A 1960 Tafkin Aral, tsakanin Kazakhstan da Uzbekistan na yau, yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 68,000, na huɗu a tafkunan duniya. Koguna biyu ke ciyar da shi, Amu Darya da Syr Darya. Tarayyar Sobiyet ta karkatar da su zuwa gonakin auduga, cikin shekara 50 kusan kashi 90 cikin 100 na tafkin ya tafi. Garin Moynaq, wanda a da tashar masunta ne, yanzu jiragen ruwa ne a yashe cikin rairayi, iska na kwasar gishiri da ragowar maganin feshi tana watsa wa mutane. A aji ga yadda nake yi: daro a ƙarshen layi shi ne tafki, ana miƙa ruwa da kofi daga hannu zuwa hannu, kowane yaro a layin manomi ne da ya ɗiba kaɗan don gonarsa. Babu wanda ya ɗibi da yawa, amma daron ba ya samun komai. Sannan a zauna mahawara, wasu manoman auduga, wasu masunta, wasu jami'an gwamnati masu neman kuɗin shiga. Kada ka bari a mai da manomi mugu, shi ma iyali yake ciyarwa. A 2005 Kazakhstan ta kammala madatsar Kok-Aral, ruwan ɓangaren arewa ya ƙaru, kifi ya dawo, amma na kudu ya ci gaba da bushewa.

Yara za su ambaci Tafkin Chadi da kansu, kuma sun yi daidai, ya ragu ƙwarai daga kusan murabba'in kilomita 25,000 da yake da su a farkon shekarun 1960. Sai dai ka gyara musu abu ɗaya: babban dalili a Chadi farin shekarun 1970 da 1980 ne, ɗibar ruwa ta biyo baya, a Aral kuwa hannun mutum ne kan gaba. Wanda ya fi kusa da labarin Aral shi ne yadda madatsun Tiga da Challawa suka rage ruwan da ke isa fadamun Haɗeja da Nguru.

In lokaci ya rage, ka taɓa Mongoliya. Mutanenta wajen miliyan uku da rabi ne, dabbobinsu sun haura miliyan 50, makiyaya na ƙaura da bukkokinsu na gashin tumaki. Abin da ke kashe musu dabba sanyi ne, ƙanƙara ta rufe ciyawa bayan rani mai fari, a hunturun 2023 zuwa 2024 sun yi asarar fiye da miliyan bakwai. Ɗan Fulanin da ke ajinka shi zai fi kowa tambaya a ranar, ka ba shi dama. Jakarta ta Indonesiya kuma tana nutsewa saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, har Indonesiya ta yi doka a 2022 ta gina sabon babban birni, Nusantara, a tsibirin Borneo. Waɗannan biyu darasi guda ya ishe su.

Akwai wurin da sai ka yi hattara. Ba za ka koyar da kogin Ganges ba tare da ka ce mabiya Hindu suna ɗaukarsa da tsarki, suna wanka a cikinsa a birnin Varanasi na Indiya, suna zuba tokar mamatansu ba. Wani yaro zai yi dariya, wani ya ce, "Malam, su ne masu bautar saniya?" Ka amsa da natsuwa, ka faɗi abin da mutanen suka yi imani da shi yadda su suke faɗa, ka hana izgili kamar yadda za ka hana a yi wa addinin kowa a ajin. Ka ƙara musu da cewa Indonesiya da Pakistan da Indiya da Bangladesh kowacce ta fi kowace ƙasar Larabawa yawan Musulmi. Daga nan ka mai da su kan ruwa: kogin da ake girmamawa haka, me ya sa najasar birane da dagwalon masana'antun fata na Kanpur suka gurɓata shi, har gwamnati ta ƙaddamar da shirin tsabtace shi a 2014? Yaran Kano da suka san abin da masana'antun fata ke zubarwa a Sharaɗa da Challawa ba za su rasa abin cewa ba.

A jarrabawa, sunayen manyan birane kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na makin. Ka ba su taswira marar suna su sa Himalaya da koguna uku da inuwar inda jama'a suka fi yawa. Sauran makin ka ajiye wa tambayoyi biyu na rubutu, kuma ka yarda yaron da Turanci ya yi wa nauyi ya fara yi maka bayani da baki da Hausa kafin ya rubuta. Ta farko: me ya sa guguwar 2020 ba ta kashe mutane kamar ta 1970 a Bangladesh ba? Ta biyu: kai ne mai unguwar wani ƙauyen masunta, an gina madatsa a saman koginku, rubuta wa gwamna abu uku da kake nema.