Yadda za ka kalli iyalin gorila a gidan zu har ka gane waye waye

Ranar sallah da muka kai yara Kumasi Zoo, nan kusa da Kejetia, ƙaramin ɗana ya tsaya gaban kejin chimpanzi yana ta ihu "Baba ga gorila, ga gorila", wani bawan Allah a gefe ma ya ce eh shi ne. Toh ba shi bane. Mu a Ghana bamu da gorila a daji, gidansu can ne Kamaru, Gabon, Kongo da tsaunukan Ruwanda da Uganda, sai 'yan kaɗan a iyakar Najeriya da Kamaru wajen Kuros Riba. Chimpanzi kunnuwa fato-fato ga hayaniya, shi kuwa gorila, goggon birin nan, kunne ƙarami ga jiki ga shiru. Amma tunda 'yan zango yanzu kowa na da wani a Jamus ko Ingila, in Allah ya kai ka zu ɗin Landan ko na Balin kada ka yi irin na mutane, a ɗauki hoto minti biyu a wuce a ce wai kwance kawai suke.

Ka je da safe lokacin da ake watsa musu abinci, da rana barci da hutu suke, kuma ka ware kaman rabin awa ka samu waje ka zauna. Abu na farko nemo maigida. Ba ya ɓuya, shi ne mai furfura a gadon baya, furfurar nan tana fitowa ne in namiji ya kai wajen shekara 12, nauyinsa kan kai kilo 150 har sama. Yawanci zaka ganshi a gefe ya jingina da bango kaman ba ruwansa da kowa, irin zaman alhajin nan a ƙofar gida bayan la'asar, amma duba idonsa, ba wanda zai motsa bai gani ba. In matasa suka fara faɗa wani lokaci ko tashi baya yi, gyaran murya ɗaya kowa ya kama kansa.

Daga nan sai ka ƙirga matan ka ga wacce ta fi zama kusa dashi. Su matan yawanci ba 'yan uwan juna bane, kowacce daga wani gida ta zo, shi ne ya haɗa su, saboda haka kada kayi mamaki in ka ga biyu na zaune kowa ta juya wa kowa baya, duk wanda ya taso a gidan kishiyoyi ya san wannan zaman. Mai jego ita ce abin kallo wallahi. Ciki wata takwas da rabi, jaririn ya fito wajen kilo 2 kacal, watannin farko yana manne a ƙirjinta bata sauke shi, sai daga baya ya koma baya ya riƙe gashinta da kansa, goyo ba zani ba majanyi. Nono kuma har shekara 3 ko fiye, shi ya sa haihuwarsu sai bayan shekara 4 ko 5. In ka ga waje guda duk maza ne ba mace, ba kuskure bane, gidan tuzurai ne, don saurayi in ya girma yawanci ba ya zama gida ɗaya da uban, a daji tafiyarsa yake, a zu kuma sai a haɗa su da juna.

Yanzu kai kuma naka ladabin. Kada ka zuba masa ido cikin ido, a wajensu neman faɗa ne, ka ɗan karkata jiki ka riƙa kallo ta gefe kaman kana gaban suruki. A 2007 a Rotadam ta Holan wani namiji mai suna Bokito ya tsallake ramin ruwan da ya kewaye su ya kama wata mata ya ji mata ciwo sosai, ita kuma dama ta saba zuwa tana kallonsa ido cikin ido tana murmushi, a zatonta abota suke. Kada ka buga gilas, kada ka bari yara su daki ƙirji suna kwaikwayonsa. Shi kansa dukan ƙirjin ba da dunƙule yake yi ba kaman a fim, da tafin hannu ne a ɗan lanƙwashe, ƙarar pok-pok-pok kaman ƙaramin ganga, kuma sau da yawa nuna isa ne kawai. In kuwa kaji wani gurnani ƙasa-ƙasa "mmm, mmm" suna cin abinci, lafiya lau kenan, irin na wanda ya samu tuwon zafi da miyar ayoyo.

Maganar abinci, don Allah kada ka jefa ayaba ko biskit. Ciwon zuciya na cikin manyan abinda ke kashe mazansu a zu, shi ya sa masu kula da su suka rage kayan zaƙi suka koma ganye da rassa da kayan lambu. In kana mura ma ka haƙura da zuwa, cutar mu tana kama su, a Janairun 2021 korona ta kama gorilolin San Diego a Amurka.

Yara kuma riƙe hannu gam. A 1996 a wani zu kusa da Chicago yaro ɗan shekara 3 ya faɗa wajensu, wata macen gorila mai suna Binti Jua ta ɗauke shi ta kai bakin ƙofa inda ma'aikata suka karɓa, amma a 2016 a Cincinnati da irin haka ta faru sai da aka harbe namijin gorilan, mai suna Harambe. Ni dai nawa ɗan tun daga Kumasi Zoo nake koya masa, taku biyu baya da wayar keji, hannu a aljihu, baki a rufe, na ƙarshen nan ne har yanzu muke fama.