Yadda Ake Koya Wa Yaro Ƙirga Da Waƙa Kafin Ya Shiga Makaranta

Yaro ɗan shekara uku zai iya jero ɗaya zuwa goma tiryan-tiryan, gida ya ɗauki tafi, a ce ai wannan likita za a yi. Ki ce masa ya ɗauko miki cokali uku, sai ya kwaso duk abin da hannunsa ya iya riƙewa. Ya haddace sunayen lambobi, amma bai riga ya san abin da kowanne yake nufi ba. Waƙa tana saurin zaunar da sunayen a ka, hannu kuwa shi ke koya adadi, don haka duk matakan da ke ƙasa a kan haɗa baki da hannu aka gina su. Da uwa nake magana, amma uba ko yaya ko kaka duk za su iya.

Mataki na farko: tsaya a kan biyar

Kada ki yi gaggawar kai shi goma. Ki shirya gajeriyar waƙa mai bayarwa da amshi irin ta gaɗa, kowane layi da abin da yaro ya sani da idonsa. Ga wadda za ki iya farawa da ita, ki sa mata karin da ya yi miki daɗi:

Ɗaya, hancin Ummi ne,
Ƙirga mu ji!
Biyu, kunnuwan zomo ne,
Ƙirga mu ji!
Uku, duwatsun murhu ne,
Ƙirga mu ji!
Huɗu, ƙafafun rago ne,
Ƙirga mu ji!
Biyar, yatsun hannu ne,
Ƙirga mu ji!

Ki sa sunan ɗanki a layin farko. Ke ki bayar, shi ya amsa. Duk inda aka ce "ƙirga mu ji" sai a dakata a ƙirga da gaske: a taɓa hanci, a ja kunne ɗaya bayan ɗaya. Idan da gas ko risho kuke girki, bai taɓa ganin murhun duwatsu ba, ki canza layin zuwa tayoyin Keke Napep, su ma uku ne kuma kullum yana ganinsu.

Mataki na biyu: tafi ɗaya, abu ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin sakaci. Ki jera abubuwa biyar a kan tabarma, kamar kofuna, lemo ko goriba. Ki guji wake da gyaɗa da tsakuwa ga yaron da bai kai shekara uku ba, domin baki ko hanci zai kai su. Ki riƙe yatsansa, kowace lamba ta faɗa kan abu guda.

Ki zuba ido ki ga abin da zai faru idan kika sake shi. Bakinsa zai riga hannunsa gudu: yana kan kofi na biyu, baki ya kai "huɗu". Ko ya taɓa kofi ɗaya sau biyu, ko ya tsallake na tsakiya. Maganin wannan shi ne rage saurin waƙar, da kuma sa shi ya ɗauke abin daga wuri zuwa wuri. Ya ɗauki goriba, ya ce "ɗaya", ya jefa a kwano. Ƙarar da kwanon silba zai yi ita ce kiɗan, kuma ba zai faɗi "biyu" ba sai goriba ta biyu ta sauka. Abin da aka riga aka ƙirga yana cikin kwano, saura suna kan tabarma, babu rikicewa.

Wasu masana halayyar ɗan Adam su biyu, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, sun bayyana ƙa'idojin ƙirga a 1978, kuma uku na farko su ne waɗannan: kowane abu lamba ɗaya, lambobin a jere ba sa canza wuri, sannan lambar ƙarshe ita ce yawan abin duka. Ta biyun kaɗai waƙa take bayarwa.

Mataki na uku: "Duka nawa ke nan?"

Bayan ya gama jefawa, ki rufe kwanon da faifai ki tambaye shi, "To, Abba, goriba nawa ce a ciki?" Yara da yawa za su buɗe su sake ƙirgawa daga ɗaya, domin a wurinsu ƙirgan shi ne amsar. Kada ki ce ya yi kuskure. Ki ƙara wa waƙar wutsiya mai ƙarfi: "Ɗaya, biyu, uku... uku ne duka!" a ɗaga murya da tafi a kan "uku" na ƙarshe. Wannan fahimtar takan ɗauki watanni. Yaro yakan fara gane ɗaya, ya daɗe kafin ya kama biyu, sannan uku, daga baya sauran su zo masa kusan lokaci guda.

Mataki na huɗu: daga shida zuwa goma

Sai biyar ta zauna daram za ki ƙara baiti. Shida ƙafafun fara ne, bakwai kwanakin mako, takwas ƙafafun gizo-gizo, goma yatsu duka. Tara ce mai wuyar samun abokiya. Ni na fi son a ce "tara, goma ba ɗaya ce", a buɗe yatsu goma a lanƙwashe guda. Dama haka manya ke cewa ashirin ba ɗaya idan suna nufin 19, ga shi yaro ya shiga ragi bai sani ba.

Mataki na biyar: waƙar da ke komawa baya

'Yan tsaki biyar a gindin rumbu,
Shirwa ta kawo sura,
Saura nawa?

Yatsu biyar ne 'yan tsakin, ɗaya hannun naki shi ne shirwa. Ki kawo shi daga sama da "fiuuu", ki kama yatsa guda ki lanƙwashe, ki yi shiru ki bar shi ya duba ya amsa. Shirun nan yana da muhimmanci. Iyaye da yawa kan riga yaro faɗin amsa saboda ƙosawa. Idan aka kai ga babu ko ɗaya, wani yaron har ɓata fuska yake yi, sai ki sa kaza ta kori shirwa, 'yan tsaki su dawo ɗaya bayan ɗaya. Tarawa ke nan.

Bayan goma

Sha ɗaya zuwa sha tara ba sa ba yaro wuya, tunda tsofaffin lambobinsa ne aka sa wa "sha". Inda yake cijewa shi ne gaɓoɓin: ashirin, talatin, arba'in, hamsin, waɗanda daga Larabci muka aro su kuma ba su yi kama da biyu, uku, huɗu, biyar ba. Ki ja murya a "sha taraaa", a yi tsalle a dira a kan "ashirin!" Haka za a yi a 29 da 39. Wasan carafke da tsallen igiya sun dace da wannan matakin, kuma yayyensa sun fi ki iya jan shi ciki.

Minti biyar a rana ya isa, kuma ba sai an shimfiɗa tabarmar karatu ba: lokacin wanka, hawa matakala, raba ƙosai da safe. Idan ya fara waige-waige a bar shi. Bulala ko tsawa ba su da wuri a nan.

Game da ƙirgan Turanci da za a koya masa a nazare, kada ki cakuɗa harsuna biyu a waƙa ɗaya. Wanda ya san mene ne uku da Hausa, sabon suna kawai zai koya. Rubuta 1, 2, 3 kuma ya jira sai ranar da kika ce "ba ni huɗu" daga cikin tulin goriba, ya ƙirgo huɗu cif ya tsaya. A ranar ki zana masa 4 a ƙasa da tsinke, ki jera goribar a gefenta.