Na'ura ta yi ƙara, ka tono abu rawaya: kurakuran gwajin gwal

Wallahi abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya sha rana yana yawo da na'urar gano ƙarfe, Allah ya ba shi zobe, sai ya lalata shi da hannunsa wajen gwaji.

Na farko dai lambar da na'ura ta nuna ba hujja ba ce. Zoben gwal da marfin gwangwanin alminiyom sau da yawa kusan lamba ɗaya suke bayarwa. Cizo kuma a bar shi, dalma ma taushi gare ta, haƙorinka kawai za ka ɓata.

Sai maganaɗisu, nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Gaskiya ne ba ya jan gwal, amma ai tagulla da dalma da azurfa ma ba ya jansu, to don abu bai manne ba ba shi ke nan ya zama gwal ba. Haka in sarƙa ce ka ga maƙullinta ya manne kar ka yar, yawanci ɗan sifirin ƙarfe ne a ciki.

Hatimi ma a duba da kyau: 916 karat 22 ke nan, 750 karat 18, 585 karat 14, in ka ga GP ruwan gwal aka yi masa kawai. Kuma masu jabu suna buga hatimi su ma.

Gwajin da na fi yarda da shi na ruwa ne, don ba ya taɓa lafiyar kaya. Ka samu sikeli mai auna har 0.01 na giram, ka auna zoben a bushe, sannan ka ɗora kofin ruwa ka mayar da sikelin sifili, ka ɗaure zoben da siririn zare ka saka shi ya nutse yana reto ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, lambar da ta fito sai ka raba nauyin farko da ita. Misali giram 7.8 a raba da 0.5 ya ba ka 15.6, wajen karat 18 ke nan. Tsantsar gwal 19.3 ne, tagulla ko 9 ba ta kai ba. Kuskuren shi ne a yi da zobe mai dutse ko abu mai rami a ciki, ko ƙasa na maƙale a jiki, lissafin zai karkace.

Asid kuma don Allah kar ka ɗiga a jikin kayan. A baƙin dutsen gwaji ake goga gefe kaɗan, a ɗiga a kan layin, da safar hannu da tabarau. In kuwa tsohuwar tsabar kuɗi ce ko kayan tarihi, ko gogawa kar ka yi, darajarta na iya fin nauyin gwal ɗin, ka kai wa masani a yadda ka tono ta.