In Santsin Bakin Titi Ya Kayar da Kai, Wa Zai Biya Kuɗin Ɗori?

Daminar bara, cikin Agusta, ranar kasuwar garinmu a nan ƙasar Jigawa, Inna ta fita sayen kuka da daddawa. Ta bi ta kan simintin da aka rufe lambatun bakin titi da shi, wanda shi ne hanyar masu tafiya a ƙasa. Daidai ƙofar wani mai injin markaɗe ƙafarta ta kwashe, ta kai hannu za ta dafa ƙasa, wuyan hannun dama ya karye. Ko da aka kirawo ni daga gona, na tarar an zaunar da ita a kan benci, ana ta yi mata sannu, ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Sai dai kwana biyu ba a yi ruwa ba, ko'ina ya sha iska, wurin nan kaɗai ne jiƙe sharkaf, ya yi gansakuka kore shar, don nan yaron injin yake sheƙa ruwan wankin gero da na tumatir safe da yamma.

Ni malamin firamare ne, ba lauya ba. Abin da zan faɗa na tsinto shi ne a watannin da na yi ina zirga-zirga tsakanin wani lauya abokin karatuna a Dutse, da limaminmu, da zauren dagaci.

Fara da tambayar da kowa yake tsallakewa: taɓon nan, wa ya kawo shi? In ruwan sama ne ya sauka da asuba ya jiƙa gari, ka zame da hantsi, babu wanda za ka kama. Amma in akwai hannun mutum, magana ta sauya. Mai wankin babur da ya saki ruwan kumfa kan hanya, maigidan da ya juyo kwatarsa waje, mai gini da ya jibge ƙasa ya toshe lambatu, ɗan kwangilar da ya haƙa rami ya tafi bai kewaye ba, duk doka tana kiran abin da suka yi sakaci. Abu uku kotu take so ka nuna: akwai nauyi a kansa na kiyaye masu wucewa, bai kiyaye ba, kuma rashin kiyayewar ne ya jawo maka raunin. Faɗuwa ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

Na ɗauka wannan hukuncin Turawa ne, sai liman ya ɗauko mini Muhtasar na Shehu Halilu, babin jini, inda aka jera haƙa rijiya, da ajiye abu mai santsi, da ɗaure dabba a kan hanya cikin abubuwan da suke jawo wa mutum lamuni na biyan diyya. Wato malamanmu na Malikiyya sun daɗe da sanin cewa mai zuba ruwa a turbar jama'a ba ya fakewa da ƙaddara.

Yanzu ga aikin ranar farko, kuma nan ne aka fi yin asara, domin taɓo ba ya jiran shari'a. Rana ɗaya ta buɗe ya bushe, ko mai wurin ya watsa yashi da daddare, gari na wayewa a ce ai babu komai. Wani ya kai mara lafiya asibiti, wani ya tsaya da waya. Ɗauki hoto daga nesa yadda za a gane shagon da titin, sannan ka matso ka ɗauki wurin da ƙafar ta goge. A hoton da na ɗauka, sawun silifas ɗin Inna ya ja layi kamar kamu biyu cikin gansakukar, ga ƙwayoyin gero da ɓawon tumatir a manne a gefensa, ga bokitin yaron a kife. Wannan hoto ɗaya ya fi mini dogon bayani amfani. In da hali yi bidiyo, ka bi ruwan har inda yake fitowa. Ajiye takalmin da tufafin yadda suke, kada a wanke. Ka nemi mutum biyu baligai da suka gani da idonsu, ka karɓi lambarsu tun zuciya tana da zafi. Bayan mako guda za ka ji mai shayin da ya fi kowa salati yana cewa shi fa ya juya baya lokacin, don ba ya son ɓata da maƙwabcinsa. Ka tambaye su kuma ko an taɓa yi wa mai wurin magana, ko wani ya taɓa faɗuwa a nan. Wanda aka gargaɗa ya ƙi ji, hujjarsa ta yi rauni ƙwarai.

Sannan asibiti kafin mai ɗori. Ban raina masu ɗorin gargajiya ba, kakana ma a hannunsu ya warke. Amma mai ɗori ba ya ba da takarda, kotu kuwa takarda take karantawa. A yanki kati ranar da abin ya faru, a faɗa wa likita yadda aka faɗi don ya rubuta, a yi hoton ƙashi. In aka tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, riƙe takardar turawar. Kowane rasit, har na maganin naira 500, jefa shi cikin leda ɗaya. Kuɗin mota da ba a ba da rasit, rubuta shi a littafi da kwanan wata. In mai raunin yana da sana'a, rubuta kwanakin da ya yi bai yi ta ba. Inna ƙuli-ƙuli take yi, ta yi wata biyu ba ta taɓa tunkuza ba.

In hanyar ce kanta ta lalace, murfin lambatu ya karye ko magudana ta cushe ta mayar da wurin fadama, sai ka gano ta wace ce. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi ginawa da gyaran titunan cikin gari, magudanan ruwa, kasuwanni da tashoshin mota, da kwashe shara. Titin jiha kuma na jiha ne, hukumar gyaran hanyoyi ta Kano ita ce KARMA, ta Jigawa kuma JIRMA. Manyan hanyoyin tarayya irin ta Kano zuwa Maiduguri suna wuyan gwamnatin tarayya, da hukumarta ta gyara, FERMA. Ka kai ƙarar wanda ba shi ne mai hanyar ba, ka yi asarar kuɗi da lokaci.

Lokaci kuwa shi ne tarkon. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara daga ranar da aka yi sakacin, kuma hukumomi suna fakewa da ita sosai. Ga kuma sharaɗin da yake cikin dokokin hukumomi da yawa, cewa sai ka rubuta musu takardar sanarwa tukuna, yawanci wata guda kafin ka je kotu. Lissafa ka gani: mu da muke cewa bari a warke tukuna, karayar dattijuwa kafin ta haɗe wa'adin ya kusa cika. Saboda haka in gwamnati ce a gabanka, ga lauya cikin makon farko. In babu kuɗi, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofis a Kano da Dutse, akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da ake kai wa kuka kyauta. Kowace takarda ka kai sakatariya, yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka.

Ba zan ruɗe ka ba, shari'a da hukuma kan taɓo hawan dutse ce. Akwai tsohuwar ƙa'ida da muka gada daga Ingila, mai cewa hukumar hanya ba ta biyan diyya don kawai ta bar hanya ta lalace, sai in ita ta yi aiki ta yi shi ba daidai ba. Su can sun soke ta tun 1961, amma abokina ya ce kada in yi mamaki in lauyan hukuma ya ɗauko ta a nan. Shi ya sa ramin da aka haƙa aka bari ya fi lambatun da ya cushe da kansa sauƙin kamawa.

In da mutum ne irinka, fara da sulhu, amma ka je da ledarka. Mu mai unguwa muka fara samu, ya ɗauke mu zuwa zauren dagaci. Mai injin ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban tura ta ba, Inna uwata ce." Na ce, "Allah ya ja zamaninka, ban ce ya tura ta ba, ga dai hoton." Dagaci ya karɓi wayar, ya kawo ta kusa da fuska, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye shi geron wa ke cikin taɓon. Aka yi shiru. Sarkin kasuwa ya shaida cewa ya taɓa yi masa magana sau biyu.

Ka shirya jin naka laifin. Sun ce silifas ɗin Inna ya suɗe, kuma wurin a bayyane yake da rana tsaka. A kotu ma haka ake yi, in kana da kaso cikin sakacin sai a rage abin da za a ba ka gwargwadonsa, ba a hana ka duka ba. Muka tsaya a kan zai biya kashi biyu cikin uku na kuɗin magani, a biya uku. Na nace a rubuta, kowa ya sa hannu, da shaidu. Na kuma ƙi yarda a rubuta cewa magana ta ƙare har sai an cire simintin hannun an ga yadda ya haɗe, domin a fiƙihunmu ma ba a ƙiyasta rauni sai bayan ya warke. Da sulhun ya ƙi, kotun shari'ar Musulunci ta yankinmu za mu nufa, tunda dukkanmu Musulmi ne.

Inna ta so ta yafe tun a asibiti. Na ce, "Inna, haƙƙinki ne, in kin yafe babu mai hana ki, amma ki bari ya gyara wurin tukuna." Biya na ƙarshe ta yafe masa. Shi kuma ya haƙa rami a bayan shago ya juya ruwan can, ya kankare gansakukar da shebur. Hannun ya haɗe da ɗan karkata, in sanyin hunturu ya shigo yana yi mata tsami, yanzu jikarta ce take murza mata tunkuza.