Kurakuran da muke yi wajen yanke wa rafali da masu sharhi hukunci a ƙwallon Gaelic

Tun da yarona ya shiga kulob ɗin unguwarmu a nan Ailan dole ta sa na koyi kallon ƙwallon Gaelic, yanzu kam har na fi shi zaƙewa. Abin da na lura da shi wajen 'yan uwa da muke haɗuwa kallo ran Lahadi shi ne mun kwaso halinmu na gidan kallon bal mun kawo nan kacokan, rafali na hura usur sai ka ji an ce an saye shi, mai sharhi na buɗe baki a RTÉ, gidan talabijin na ƙasar, sai a ɗauki maganarsa tamkar hukuncin kotu. Ni ma na yi duk wannan, shi ya sa nake faɗa.

Na farko dai, auna wasan da dokar ƙwallon ƙafar da muka sani. A nan kafaɗa da kafaɗa halal ce, mutum zai bangaje ka ka yi adungure kuma ba a hura komai ba, amma ka sunkuya ka ɗauki ƙwallo daga ƙasa da hannu ba ka sa ƙafa ka ɗago ta ba, laifi ne a wasan maza. Taku huɗu kawai aka yarda ka yi da ita a hannu kafin ka buga ta da ƙasa ko ka sake ta kan ƙafa ta dawo. Wani abokina ya kusa fasa mini rimot saboda an hura wa ɗan wasa wai "ba wanda ya taɓa shi", alhali taku bakwai ya yi, da muka mayar baya muka ƙirga tare sai ya yi tsit ya koma kan shayinsa. Maganin wannan ba wuya, kafin ka ce rafali ya yi zalunci ka tabbatar ka san me ya hura tukuna.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda muke mantawa masu sharhin nan kowa da gundumarsa. Ba ma'aikatan da aka ɗauko daga sama ba ne, tsofaffin 'yan wasa ne, kuma a tsarin GAA, hukumar da ke kula da wasan, mutum gundumar da ya fito yake bugawa, ba a sayar da ɗan wasa, ba a biyansa albashi, don haka abin yana cikin jini. Pat Spillane ɗan Kerry ne da ya ci All-Ireland, babban kofin Ailan baki ɗaya, sau takwas, Joe Brolly ɗan Derry ne da ya ci kofi a 1993, Colm O'Rourke ɗan Meath. A 2003 da Tyrone ta fitar da Kerry a wasan kusa da na ƙarshe Spillane ya kwatanta salon wasan Tyrone da amai, kalmar ta bi su shekaru, to amma wa aka doke ranar? Gundumarsa. Ba ina cewa ƙarya yake ba, wasan kam ya yi muni, sai dai in ɗan Kano Pillars na sharhin wasan da aka ci Pillars ai ka san yadda za ka saurare shi. Kafin ka ɗauki maganar mai sharhi ka tambayi daga ina ya fito, wa suka daɗe suna gaba da su.

Kuma kar a juya a ce duk wanda ke da alaƙa da wani gari to ya zama ɗan amshin shata, wannan ma kuskure ne, har ya fi na farkon illa. Kafin wasan ƙarshe na All-Ireland a 2019 tsakanin Dublin da Kerry an yi ta surutu kan David Gough, ɗan Meath ne amma a Dublin yake aiki, wasu 'yan Kerry suka ce bai dace a ba shi wasan ba. Ranar wasa kuma wa ya kora? Jonny Cooper na Dublin, katin ɗorawa biyu kafin a tafi hutun rabin lokaci. Nan take Brolly ya juya ya ce surutun 'yan Kerry ne ya yi tasiri a kansa. Kun ga mutum ɗaya an zarge shi ta gaba an zarge shi ta baya a wasa guda. An tashi 1-16 da 1-16, wato kowa ƙwallo ɗaya a raga mai maki uku da maki 16 na bugu ta saman raga, aka sake wasa Dublin ta ci kofi na biyar a jere, shi kuwa Brolly ba a gan shi a teburin RTÉ ba a wasan na biyu.

Sai batun shekara. Dokokin wasan nan suna canzawa fiye da yadda ake zato, mutane kuma suna ɗauko bidiyon da suna auna shi da dokar yau. A 2013 Seán Cavanagh na Tyrone ya rungumo Conor McManus na Monaghan ya kayar da shi yana shirin fuskantar gola, rafali ya ba shi katin ɗorawa, Brolly ya hau ya yi ta faɗa a talabijin har ya taɓa mutuncin Cavanagh. Yau in ka nuna wa sabon mai kallo zai ce ina baƙin kati, wanda ake ba mai kayar da mutum da gangan? Babu shi a lokacin, sai Janairun 2014 ya fara aiki, rafalin abin da doka ta ba shi ya yi. Wasu kuma na cewa faɗan Brolly ne ya haifar da baƙin katin, a'a, tun watan Maris na 2013 taron GAA ya riga ya amince da shi. Da farko wanda aka ba baƙin kati fita yake a sa wani, daga baya aka mayar da shi zaman minti 10 a benci. A 2025 kuma kwamitin gyaran doka na Jim Gavin, tsohon kocin Dublin, ya zo da nasa, maki biyu in ka buga daga wajen da'irar mita 40, dole a bar 'yan wasa uku a gaba, in ka yi wa rafali gardama a matsar da ƙwallo mita 50, kyaftin kaɗai ke da bakin magana da shi. Duk wanda bai bi wannan ba zai ga kamar rafali ya haukace ne.

Batun maimaicin hoto a hankali kuwa gajere ne. Fili ne mai tsawon mita 130 zuwa 145, 'yan wasa 30, rafali ɗaya, babu VAR. Su a situdiyo sun kalla sau biyar ta kusurwa uku suna zaune, shi sau ɗaya ya gani yana haki. Ka kalli abin da gudunsa na ainihi sau ɗaya, abin da ka yanke a nan shi ne adalcin kwatantawa. Na'urar ma tana kuskure, Hawk-Eye da aka sa a Croke Park, babban filin wasan da ke Dublin, tun 2013 don tantance maki ta ce bugun Shane Walsh na Galway ya fita a wasansu da Derry a 2022, alhali kowa ya ga ya shiga, sai a hutun rabin lokaci aka mayar musu da makinsu.

Duk wannan ba yana nufin rafali ba ya tafka ta ba. Wasan ƙarshe na kofin lardin Leinster a 2010, Louth na gaba da maki ɗaya lokaci ya kusa cika, rabonsu da kofin tun 1957, Joe Sheridan na Meath ya faɗa cikin raga da ƙwallo a hannu ya wurga ta, Martin Sludden ya ce ta ci. Kuskure ne ƙarara, shi da kansa ya amsa a rahotonsa, kuma abin haushin ga mataimakansa biyu masu farin kot tsaye a bakin ragar, da ya tsaya ya yi shawara da su da kyau kafin a ɗaga koren tutar da ke nuna ƙwallo ta ci wataƙila da labarin ya canza. A nan masu sharhi sun yi daidai da suka caccaki hukuncin. Inda aka ɓata shi ne 'yan kallon da suka shiga fili suka kai masa hannu, da masu cewa da gangan ya yi. Ka ce hukuncin ba daidai ba ne, ka kawo dokar da aka karya, ka tsaya nan, zancen niyya ba ka da hujjarsa. Ba a sake wasan ba, Meath ta tafi da kofi 1-12 da 1-10, Louth kuwa sai 2025 ta ɗaga shi, kuma Meath ɗin ta doke.

A wasan yaranmu na makon jiya rafalin wani dattijo ne da ya zo a kan keke cikin ruwan sama, ya hura wa yarona taku, na buɗe baki zan yi magana sai yaron ya waigo ya ɗaga mini yatsu biyar.